Na'urar Gano Gas Da Ba A Saita Ba Ta Fi Rashinta Haɗari

A Sabon Birni da Isa, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, janareta ne ke riƙe da shagunan cajin waya, injin fetur kuma shi ke jawo ruwa daga rijiyoyin fadama. Dukansu suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki ko a ƙasan rijiya. Matashin da ya nemi na'urar da za ta gargaɗe shi ya yi tunani. Kuskuren yana wajen ɗauka cewa sayen na'urar ne ƙarshen aiki.

Wayar salula ba ta da hancin shinshinar gas. Duk manhajar da ta ce tana auna iskar ɗaki ba tare da an haɗa ta da wata na'ura ba, wasa ce kawai. Wadda kuma sai da intanet take aika gargaɗi, mutanen yankin sun san iyakarta tun 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a gabashin Sakkwato.

Ita ma na'urar gaske tana rikicewa. Akwai sinadari a cikinta da zafin bazara ke busarwa, ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙofar da iska ke shiga. Allonta zai ci gaba da nuna sifili, fitilarta na haske, alhali ta daina jin komai. Nan ne haɗarin: mai haƙar rijiyar da ba shi da na'ura yana shiga da tsoro, da igiya a ƙugu, wanda na'ura ta ce masa lafiya lau zai sauka hankali kwance.

Saitin ba wani sihiri ba ne. Ana kunna na'urar a fili, nesa da hayaƙin babur da janareta, don ta gane iska mai tsabta, inda oksijin ke kan kashi 20.9 cikin ɗari. Wanda ya kunna ta a cikin shagon da hayaƙi ya cika ya koya mata cewa guba ce daidai. Sannan a busa mata gas na gwaji daga ƙaramar tukunya da aka rubuta adadinsa, a ga ko lambar ta yi daidai, ko ƙararrawa ta buga. Na'urorin masana'antu galibi suna ƙara idan oksijin ya sauka zuwa 19.5, ko kabon monoksaid ya kai ppm 35. Kamfanoni da yawa sun ce a yi ɗan gwaji kafin aikin kowace rana, cikakken saiti kuma duk wata shida. Fesa mata gas ɗin laita ba gwaji ba ne, yana ma iya lalata ta.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka kusa da ƙasa ake kafa tasa na'urar, ba kusa da silin ba.

Gaskiya ne tukunyar gwaji tana da tsada, kuma hanya ba daɗi saboda rashin tsaro. Amma masu shagunan caji, masu sayar da gas da masu haƙar rijiya na iya haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya, wani mai gyaran waya ya koyi aikin, yana rubuta ranar kowane saiti a bayan na'ura. Kafin nan, janareta ya kwana a waje, injin ban ruwa kuma ya tsaya a bakin rijiya.