Daga bakin akwati: katantanwa da mantuwar tsufa



Kwanan baya a wani taron asusu kusa da Buza, wata inna da ta yi shekara goma tana riƙe lissafin ƙungiya a ka ta tsaya cak, ta rasa ko jika biyu ko uku aka ranta wa maƙwabciyarta. Wasu suka kwashe da dariya, wata ma ta ce a sauke ta. Abin bai yi mini daɗi ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, kawunan irin waɗannan iyayen ne littafinmu.

Kar ku yi dariya, katantanwa ce ta faɗo mini a rai. Mu nan mun fi saninta a ruwan baraji irin na Keita, inda take ɗauke da ƙwayar tsargiya. Amma wani masani a Amurka, Eric Kandel, ya yi shekaru yana nazarin wata 'yar uwarta ta teku, har ya samu kyautar Nobel a 2000. Ƙwayoyin jijiyarta wajen 20,000 ne kawai, ga su manya, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙwaƙwalwarmu sun kai biliyan 86.

Ga abin da ya gano: in aka tsokane ta sau ɗaya, 'yan mintoci ta manta. In aka maimaita sau huɗu ko biyar da tazara a tsakani, sai ta riƙe kwanaki, don jijiyoyin sun tsiro da sababbin mahaɗa. Kuma da yake ba ta wuce shekara guda a duniya, masana suna ganin tsufanta da wuri: tsohuwar katantanwa takan yi nauyin koyo. Tsufa ne, ba maita ba, ba ha'inci ba.

To, mu ma mu maimaita. A faɗi kowane rance da ƙarfi lokacin bayarwa, a sake faɗa kafin a kulle akwati, a kuma buɗe taron sati mai zuwa da shi. A haɗa inna da yarinya mai rubutu, kowace ta zama shaidar 'yar uwarta.

Amma in mantuwa ta kai ga ɓatan hanyar gida ko sunan ɗiyanta, wannan ya wuce taron asusu. A kai ta likita, a auna mata har da hawan jini.