Allon Gilashi A Ƙasar Malam Abdullahi: Karatu Ko Sharholiya?

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Bodinga ya isa Shagari bayan sallar isha'i, zai ga haske yana tashi daga gindin bishiyoyi da bakin shagunan cajin waya. Ba fitilar makarantar dare ba ce. Matasa ne biyar, shida, sun haɗa kai kan kwamfutar allo guda, wadda ake kira tabilet, suna kallon fim ɗin Indiya mai fassara, ko rawar TikTok, ko jiran sakamakon cacar ƙwallo. Kwamfutar da za ta ɗauke ɗakin karatu guda cikinta, ita aka mayar majigin ƙauye!

Abin takaicin shi ne inda wannan ke faruwa. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙaninsa Malam Abdullahi a Bodinga ya zauna, kuma a wannan zamanin ne ya rubuta tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Da me? Da alƙalamin kara, da tawada, da takardar da sai ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi kafin ta iso. Ɗalibi kan yi watanni yana kwafar littafi ɗaya da hannu, idan ruwa ya taɓa shi ko gara ta ci, shi ke nan wahala ta koma sabuwa. Yau wannan tafsiri da ɗaruruwan irinsa za su shiga cikin katin memori da bai kai farcen babban yatsa ba, amma jikokin waɗannan bayin Allah sun cika katin da waƙoƙin gala. Shin da wane ido za a kalli Malam Abdullahi gobe ƙiyama?

Kada wani ya ɗauka wannan tsautsayi ne. Kamfanonin da suka ƙirƙiro Facebook a Amurka da TikTok a Sin, da tallace-tallace suke cin abinci, don haka ribarsu tana cikin tsawon lokacin da matashi ya ɓata yana shafa gilashi da yatsa. An tsara abin ne yadda hoto ba zai ƙare ba sai wani ya hau kansa. Shi yana ganin kyauta yake kallo, alhali ƙuruciyarsa ake sayarwa, kuma da kuɗinsa yake sayen datar da ake yanka shi da ita. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Talaka bai fasa saye ba. Wanda ya yini yana acaba, ko ya sha rana a fadamar albasa, da dare sai ya kwashi guminsa ya miƙa.

Akwai kuma wasu da suka yi wa matsalar bahaguwar fahimta, suna cewa kwamfutar ita kanta kayan Nasara ce, a nesanta yara da ita. Wannan magana ba ta da tushe. Takardar da malaman jihadi suka yi rubutu a kai, mafi yawanta a ƙasar Italiya aka yi ta, ta biyo ta Tarabulus, kuma ba su ƙi rubuta tauhidi a kanta ba. Sannan tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan. Yaron da bai taɓa amsa tambaya a kan gilashi ba sai ranar jarrabawa, an zalunce shi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka hana shi. Marigayi Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne, kimiyya ya koyar. Garinsa bai cancanci a mayar da shi baya da sunan tsentseni ba.

To mene ne abin yi? Na farko dai ɗan uwa ya daina ɗaukar allon nan a matsayin abin da sai da sabis yake aiki. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Wanda bai ajiye komai a cikin kwamfutarsa ba, ranar ya gane baƙin gilashi kawai ya riƙe. Wanda kuwa ya riga ya sauke littattafai, karatunsa bai tsaya ba. Saboda haka a sayi data sau ɗaya, a sauke Alƙur'ani da ƙira'ar makaranci guda, a sauke Maktaba Shamila mai ɗauke da dubban littattafan Larabci, a nemi Ahalari da Ishmawi da Risala da rubuce-rubucen Shehu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello, a haɗa da tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, darussan firamare da sakandare ne kyauta. In mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ba tare da kashe ko sisi ba. Hanyar da ake tura fina-finai da ita ce, ba sabon ilimi ake nema ba. Daga nan a kashe data, a bar allo ya zama allo.

Batun wuta kuma kowa ya san halin da ake ciki. A Oktoban 2024 mafi yawan Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. 'Yan uwa biyar da suka iya haɗa kuɗin kallon ƙwallo za su iya haɗa kuɗin ƙaramar sola. A rage hasken gilashi, batir zai daɗe. Kada a bar ta a rana, balle a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40, domin zafi ne ke kumbura batir. A ɗinka mata gafaka saboda ƙurar hunturu, kamar yadda ake yi wa Alƙur'ani bugun hannu.

Sai dai a kula, kwamfuta ba malam ba ce. An fara samun wasu samari da suka ji guntun wa'azi na minti biyu suka zama muftai, suna kafirta iyayensu a majalisa. Littafi yana cikin allo, amma biya sai gaban malami, a durƙusa, a karanta, a yi gyara. Makarantun Islamiyya na Bodinga da Sifawa da Shagari da ke kukan rashin littattafai, kowace ta nemi allo guda ta ajiye hannun amintaccen ɗalibi, a rubuta sunayen masu aro da ranar mayarwa a littafi, kuma malami ya riƙa duba abin da ke cikin memori duk ranar Alhamis.