Rim ɗin aloi da ya tsage, rabon masu tukunya ne

Jama'a, makon nan maganar rim zan yi, kuma na san akwai waɗanda ba za su ji daɗi ba, musamman 'yan uwanmu masu walda da samarin da ke ɗora wa mota manyan ƙafafu don gayu.

Ranar Asabar na tsaya wajen wani mai faci a hanyar Zariya a ƙara mini iska. Sai ga wani yaro da Corolla, an sa mata rim mai lamba 17, irin mai ƙyallin nan da ba da shi kamfani ya ƙero motar ba. Ya faɗa rami yana dawowa daga Bakori, bakin rim ya lanƙwashe, ga kuma tsaga ta ciki tsawon ɗan yatsa. Mai faci ya duba ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Maƙwabcinsa mai walda ya ce a miƙo. Ya gasa da wutar gas, ya bubbuga da guduma, ya liƙe tsagar, ya goge, ya fesa fenti. Yaro ya biya yana murna, ya mayar da rim ɗin ƙafar gaba. Na ce, "Samari, ko a baya ka sa shi mana." Ya ce, "Baba, ai ya koma sabo."

Bai koma sabo ba, kuma mai waldar ya sani, ko kuwa ya kamata ya sani.

Rim ɗin ƙarfe da na aloi ba halinsu ɗaya ba. Ƙarfe yana da haƙuri. Ya lanƙwashe, a buga ya dawo, in ma zai mutu sai ya yi ta ba ka alama. Aloi kuwa alminiyon ne aka narka aka zuba, aka ba shi tauri da zafi mai awo a masana'anta. Ƙarfe idan ya ji wuta yakan yi ja, maƙeri ya gane da ido inda aka kai. Alminiyon ba ya yin ja. Yana nan fari abinsa har ya kai digiri 660 ya narke, kuma tun da nisa kafin nan taurin da aka ba shi ya riga ya gudu. To da wane ma'auni mai walda na bakin titi yake gane zafin da ya ba shi? Wurin da aka gasa ya yi laushi, gefen waldar ya zama inda sabuwar tsaga za ta taso, fenti kuma ya rufe komai. Ranar da zai buɗe ba sallama zai yi ba.

Za a ce da ni, Malam, kai ba ka san halin da ake ciki ba? Na sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, babu kayan motar da bai yi tashin gwauron zabi ba. Ban kuma ce duk rim ɗin da ya ɗan goce a jefar ba. In lanƙwasar 'yar kaɗan ce a baki, babu tsaga, akwai masu injin miƙe rim a manyan garuruwa, su matsa shi a hankali, su juya shi a gani ko ya daidaita, sannan a yi balansin. Wannan gyara ne. Amma tsaga, ko lanƙwasa kusa da ramukan noti, babu injin da ke warkar da ita. Kuma hujjar rashin kuɗi ba ta tsaya ba, don rim ɗin ƙarfe na gwanjo ya fi na aloi arha. Abin da ke hana mu saye kunya ce kawai, kada a ce motar wane ta yi kama da ta haya.

To ku je tasha ku kalli motocin hayar. Direbobin Golf da ke jidar masara daga Dandume, da masu ɗauko tumatir daga Danja, galibinsu ƙarfe ne a ƙafafunsu, kuma su ne suka fi kowa sanin hanyoyin nan. Lissafin ma a fili yake. Taya mai lamba 195/65 a kan rim 15, tsayin gefenta ya kai milimita 127. Ka koma 215/45 a kan rim 17, ya sauko 97. Robar da ke shanye dukan rami ka rage mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sauran dukan rim ne zai sha. Manyan rim an yi su ne don kwaltar da ba ta san damina ba. Mu kuwa daga Yuli zuwa Satumba rami cike yake da ruwa, ba ka sanin zurfinsa sai ka ji ƙara.

Ba ma sai rim ya tarwatse a guje ba. Wanda aka liƙe yakan riƙa sacen iska a hankali, tunda tayoyin yanzu ba su da tib. Wa yake so tayarsa ta kwanta bayan magariba tsakanin Sheme da Yankara, da iyali a mota, yana laluben jak da fitilar waya? Mutumin Funtuwa ba ya buƙatar a yi masa ƙarin bayani a nan.

Masu sayarwa, ku ma da ku nake. Rim ɗin da aka yi wa walda aka shafe da fenti aka jera cikin na tokumbo, algus ne, daidai da mai zuba tsakuwa a buhun wake, sai dai wannan rai yake ci. Mai saye kuma, ko a nan gida ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, kada ƙyallin fuska ya ruɗe ka. Juya shi, wanke bayansa, bi da yatsa. In ka ji tudu, ko ka ga sabon fenti a wuri guda, ajiye musu kayansu.

Wanda nasa ya riga ya tsage, masu narka alminiyon suna saye a kan kilo, su zuba tukwane da ludaya. Sai dai kafin ka miƙa wa ɗan gwangwan, sa a raba shi biyu da guduma a gabanka, in ba haka ba wata mai zuwa za ka gan shi da sabon fenti a ƙafar motar wani.