Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kula Da Masu Buƙata Ta Musamman Ta Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Ni uba ne ga yaro ɗan shekara 9 da bai taɓa cewa "Baba" ba. Ba kurma ba ne, yana ji sarai. Galahanga ce, in ji likitoci. Mahaifiyarsa ta yayyanka kwalin sabulu ta manna hotuna: buta, kofin ruwa, kwanon tuwo, tabarma, kunne, ciki, haƙori. In yana son abu, sai ya ɗauko kati ya miƙa mata. Ranar da ya fara miƙo hoton buta da kansa, maimakon ya ɓata wando, kuka ta yi.

A daminar bara ya kwana yana ihu yana buga kai da bango. Muka garzaya wani asibiti, cikin ruɗewa muka baro katunan a gida. Sau uku ma'aikaciyar jinya tana tambayarsa, "Ina ke maka ciwo?" Da ya yi mata shiru, sai ta dube ni ta ce mu gwada ruƙiyya. Aka sallame mu da maganin zazzaɓi. Muna shiga gida ya je ya zaro hoton haƙori. Ruɓaɓɓen haƙori ne ya hana shi barci, kuma duk asibitin babu takarda ɗaya mai zanen jikin mutum da zai nuna da yatsa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Tun 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fito da tsarin musayar hotuna, PECS, a jihar Delaware ta Amurka. Mu kuwa, tun da aka sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya a Janairun 2019, magana ta tsaya kan hanyar keken guragu da tafintan kurame. Madalla da su. Wanda baki ya ƙi masa fa? Ba kuɗi ne suka gagara ba, mantawa aka yi da irin ɗana.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sa a buga allunan hotuna a ajiye a kowane ɗakin ganin likita, a koya wa ma'aikata amfani da su. A zana namu: koko, ƙosai, masai, sallaya, ba abincin Turawa da yaro bai taɓa gani ba. Tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana ma za su amfana.

Wani lokaci nakan sa rai, wani lokaci in ce ɓata tawada nake. Mahaifiyarsa dai ta ce in kun aiko, za ta ba da katunanta a kwafa.

Naka,
Wani uba daga Kano