Ku Zauna da Iyayenku Tun Hankalinsu na Jikinsu



Ya ku ƴan'uwa jama'ar Dungu, da ƴaƴanmu da ke karanta wannan saƙo a wurin ci-rani, akwai wani sashe na biyayyar iyaye da kunya ta hana mu taɓawa. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta keɓe lokacin tsufansu da ambato, kuma a mazhabar Imam Malik ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace. Wajibin da aka san yana tafe kuwa, tanadi ake yi masa.

Kun san yadda abin yake zuwa. Ɓarin jikin tsoho ya shanye, a kai shi asibitin Matameye, daga can a tura shi Damagaram. Babban ɗa yana Kano, ƙaninsa yana Aljeriya. Kafin kuɗinsu su iso, an jinginar da gona cikin gaggawa, babu takarda, babu shaidu. Wanda ya biya magani ya ce rance ya bayar, ƴan'uwansa su ce ai sadaka ce. Tsoho yana kwance yana jin muryoyinsu, ba ya iya raba gardamar.

Saboda haka ku zauna da mahaifinku tun yana da lafiya. Wannan ba fatan mutuwa ba ne. Ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta wanda yake bi da wanda ke bin sa, da dabbobin da ya ba da kiwo. Ya zaɓi wakili da bakinsa gaban shaidu biyu adilai, domin idan hankali ya gushe, cinikinsa da kyautarsa ba su inganta.

Maganar gona ce ta fi buƙatar natsuwa. Uba yakan ce wa ɗan da ke ɗawainiya da shi, "Gonar gabas taka ce bayan raina." Wannan wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda, ga wanda ba magaji ba ma, ba ta wuce sulusi. In kyauta yake nufi, sharaɗi ne ɗan ya karɓi gonar a hannunsa kafin uban ya shiga ciwon ajali, in ba haka ba ta koma gado. Uba ya tuna kuma da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kan daidaita ƴaƴa wajen kyauta. Bayan shaidu, a je wurin maigari da kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, wanda muke kira Kofo, a karɓi takardar kyauta ko ta jingina. Ba rashin yarda ba ne, shaidu ma mutuwa suke yi.

Sannan a yanke abin da kowane ɗa zai riƙa bayarwa gwargwadon ƙarfinsa, damin gero ko sefa, da wanda zai riƙe. Kada a manta da mai jinya. Galibi matar ɗa ce ke wanki da juya majinyaci, alhali shari'a ba ta ɗora mata hidimar surukai ba. Kyautatawa ce take yi, a nemi yardarta, a kuma sa haƙƙinta cikin lissafin.

Wanda ke son a rubuta masa, ya zo da mahaifinsa da shaidunsa bayan sallar La'asar.