Awa Nawa Ke Mai da Mutum Matuƙin Jirgin Sama?

Tun ina ƙarami, in na ji rugugin jirgin sama muna gona, sai in ajiye fartanya in ɗaga kai har ya ɓace. Mahaifina kan ce, "Kai yaro, kallon sama ba ya cika rumbu." Gaskiyarsa, amma ga shi yau ina da shekara 16, burina na zama matuƙin jirgi yana nan yadda yake.

A zangon da ya wuce wani tsohon ɗalibin makarantar nan, wanda yanzu matuƙi ne, ya zo ya yi mana lacca. Tun daga ranar gardama ta ɓarke a ɗakin kwananmu tsakanina da wani abokina. Shi cewa yake yi yawan awa a sama shi ne gwaninta. Ni kuwa na ce yadda aka yi amfani da awar ya fi yawanta muhimmanci. Tun da ya ƙi yarda, na kawo maganar gabanku, 'yan'uwana 'yan makaranta, ku raba mu.

Da farko ya kamata a san cewa lasin tuƙin jirgi hawa-hawa ne. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, ita ta shimfiɗa ƙa'ida. Lasin farko na mai tuƙi don kansa ne, ba a biyansa ko kwabo, ana nemansa da awa 40 da shekara 17. Na biyu shi ne na sana'a, wanda mutum zai ci abinci da shi, ana nemansa da awa 200 da shekara 18. Na uku, wanda ke ba mutum ikon zama kyaftin a babban jirgin fasinja, sai da awa 1,500 da shekara 21. A kan wannan kowace ƙasa ke gina dokarta, a Nijeriya kuwa hukumar NCAA ce ke ba da lasin.

To, hanya biyu ce ke kai mutum ga lasin sana'a. Ta ɗaya, ya shiga makarantar da hukuma ta amince da tsarinta, ya zauna daga farko har ƙarshe, kamar zamanmu na makarantar kwana. Ta biyu, ya riƙa koyo guntu-guntu, in ya sami kuɗi ya yi 'yan awoyi, in sun ƙare ya dakata. A Amurka mai bin ta biyu sai ya cika awa 250, mai bin ta ɗaya kuwa 190 ta ishe shi. A ƙasashen Turai 200 ce da 150. Me ya sa doka ta yi wa ɗan makaranta rangwame? Domin kowace awa tasa da darasinta, da malami a kanta, da jarrabawa a bayanta. Ashe dokar ma ta san awa ta fi awa.

Abokina ya kafa hujja da wani hatsari. Ran 12 ga Fabrairu, 2009, jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da garin Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. A 2010 majalisar ƙasar ta yi doka, daga 2013 kuma aka ce ko mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500. Ya ce da awa ba ta da amfani, da ba su yi haka ba.

Ga amsata. Matuƙan nan biyu duk sun wuce awa 1,500 ɗin. Kyaftin ɗin yana da fiye da 3,000, mataimakiyarsa fiye da 2,000. Masu bincike sun gano cewa da gudun jirgin ya ragu ƙwarai, na'ura ta yi gargaɗi, sai kyaftin ya ja sitiyari baya, alhali tura shi gaba ya kamata ya yi don jirgin ya sake samun gudu. Awa yana da ita, abin da ya ɓace masa a wannan daƙiƙa shi ne sahihin aiki da horo ke dasawa a hannu. Hausawa sun ce kome daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kada. Bugu da ƙari, ita kanta dokar Amurka ta rage wa wanda soja suka horar zuwa awa 750, mai digirin shekara huɗu a fannin kuma zuwa 1,000. Wannan ai shaida ce a gare ni.

Ban ce abokina ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Gani ya kori ji. Wanda ya sha sauka a Kano cikin hazon hunturu, ko ya kauce wa hadarin damina, ya san abin da littafi ba zai koya masa ba. Amma ina ganin gara a tara irin waɗannan awoyi a kujerar dama, gefen ƙwararren kyaftin, kamar yadda ake yi a Turai, da mutum ya yi ta zagaya fili ɗaya cikin ƙaramin jirgi rana tsaka don kawai ya cika littafinsa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana ni barci. Kowace awa a sama mai ne, da hayar jirgi, da ladan malami. Za a ce hanyar guntu-guntu ta fi dacewa da ɗan talaka, tun da sannu ba ta hana zuwa. Sai dai wanda ya yi wata shida bai tashi ba hannunsa zai yi sanyi, ya koma ya biya kuɗin abin da ya riga ya koya. Araharta ta zama tsada ke nan. Saboda haka ni dai makaranta na zaɓa. Ga ta nan kusa, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, akwai kuma wata a Ilorin.

Amma mahaifina ko ya sayar da gonarsa da shanun nomansa ba zai iya biyan kuɗin ba. Don haka ina roƙon gwamnatocin jihohinmu su ware guraben karatu kowace shekara, a ba da su ta hanyar jarrabawa a fili, kada a duba ɗan wane ne. Mu kuma 'yan makaranta akwai namu aikin. Sai mu riƙe lissafi da kimiyya da labarin ƙasa, mu gyara Turancinmu domin da shi matuƙi ke magana da masu kula da sararin sama, mu kuma tsare lafiyarmu, gama likita zai duba ido da kunne da zuciya kafin a ba da lasin.

A 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, kakanninmu suka fito kallo. Kallon ya isa haka. Fatana wata rana in ɗauki mahaifina zuwa aikin Hajji a jirgin da nake tuƙi, ya ga cewa kallon saman nan bai tashi a banza ba. Allah ya cika mana burinmu na alheri, amin.