LAIFI TUDU NE: MUNA HANGEN AMURKA, MUN MANTA DA RUMBUNANMU



Ba a rasa mai miƙewa a majalisinmu ya yi tir da Amurka, ya ce ƙasa ce da attajirai suka haɗiye talakawa. Haƙiƙa bai yi ƙarya ba. Alƙaluman babban bankin ƙasar sun nuna cewa gida 1 cikin kowane gida 100 ne ke riƙe da wajen kashi 30 cikin 100 na dukiyar Amurkawa, alhali rabin jama'a, waɗanda ke ƙasa, abin da suka mallaka gaba ɗayansu bai kai kashi 3 ba. A rikicin bashin gidaje na 2008 miliyoyin iyalai sun rasa muhallinsu saboda bashi da ruwa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shin mai wannan tir ɗin ya taɓa tambayar yadda aka cika rumbun gidansu?

Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa tana binciken rayuwar manoma, ta kuma fitar da littafi a 1972. Ta tarar da cewa a gari guda mai hali yana adana hatsinsa har farashi ya tashi, shi kuwa matalauci yana sayar da nasa tun da kaka, da damina ya tafi ƙwadago a gonar wani tasa tana cika da ciyawa, daga ƙarshe gonar ma ta fita daga hannunsa. Shekaru fiye da 50 ke nan. Wanda ya ce an daina, ya zo Ɗantutture, ko Kurfi, ko kasuwar Dutsin-Ma da kaka, ya gane wa idonsa.

Ga yadda abin ke tafiya. Cikin watan Agusta, rumbu ya ƙare, yaro ba lafiya, sai magidanci ya je wurin mai hali. A ba shi buhu ɗaya a kan zai biya biyu, ko a karɓi gonarsa jingina, mai bashi yana nomawa yana ci, bashin kuma yana nan daram. Da kaka kowa ya fito da amfaninsa lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, mai halin nan ya saye ya kulle a sito. Da bazara talaka ya dawo yana sayen geron da ya noma da hannunsa, tiya tiya, da ninkin kuɗin da ya sayar. Sannan ga 'yan bindiga da suka raba manoma da gonakin jeji, ga cire tallafin mai a 2023 da ya ɗaga kuɗin mota da na abinci. Tun a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci a Nijeriya, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke.

Za su ce arziki rabo ne, ciniki kuma halal ne. Na'am, babu mai jayayya da haka, Musulunci bai ce kowa ya zama daidai da kowa ba. Sai dai buhu ɗaya a biya biyu riba ce tsagwaronta, ko a bankin New York aka ƙulla ta ko a zauren Alhaji. Cin amfanin gonar jingina saboda rance riba ce. Kulle abinci alhali jama'a na cikin yunwa, don a jira tsada, shari'a ta hana. Ba a fakewa da ƙaddara a ci dukiyar mutane.

Ina kuma zakka? Amfanin gona idan ya kai nisabi, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa 10 in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa 20 in da wahalar ban-ruwa aka noma, kamar mai jan ruwa da inji a bakin madatsar Zobe. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade masu karɓa kashi takwas, kuma faƙirai da miskinai ne a gaba. Amma sai ka ga an ɗauki damman zakka an kai wa mai sarauta ko malamin da ya fi mai bayarwar wadata, don neman suna, bazawara mai marayu tana maƙwabtaka tana kallo.

Saboda haka muna kira ga kowane limami ya yi huɗuba a kan wannan kafin a fara girbi. Kowane masallacin unguwa ya rubuta sunayen mabuƙatansa, a tara zakkar hatsi a raba a bainar jama'a, a kuma ware rumbu guda na rance ba ƙari, buhu a biya buhu. Wanda ke riƙe da gonar jingina ya lissafa abin da ya ci, ya mayar wa mai ita tun yana da sauran numfashi. Mu fara da kanmu, domin akwai masu wannan hali a sahun farko na masallatanmu.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta.